Ɗakin Inna Kulu a Bakin Gona

Kulu, matar marigayi Dabo, ita ce ungozomar Adabka tun kafin babur ya shigo garin. Duk wanda ya tashi a unguwar gabas, in ka tambaye shi wa ya yanke masa cibiya, sunanta zai kira. Doguwar mace ce mai kaifin baki, ba ta jiran a yi mata iso idan ta ji ana naƙuda. 'Ya'ya uku Dabo ya mutu ya bar mata, ita ta ƙarasa renonsu da sana'ar daddawa. Babbansu Abdulwahabu ya koma Anka yana fataucin hatsi har ya gina gidan siminti. Zubaida tana aure a Gummi. Autan, Yakubu, shi ya zauna a gidan gado yana noma, in ya samu sarari kuma ya hau babur ɗinsa yana kabu-kabu tsakanin Adabka da Bukkuyum. A wurinsa Kulu take zaune, shi da matarsa Balaraba.

'Yan shekaru bayan dawowar mulkin farar hula hankalin Kulu ya fara raguwa. Da farko abin dariya ne. Ta zuba gishiri a kunu, ta kira Yakubu da sunan ubansa, ta sallame sallar azahar ta miƙe ta sake tayar da wata. Daga baya ta fara sakin fitsari a kwance. Balaraba ce take wanke ta, ta kai tabarmar bayan rumbu ta shanya inda baƙi ba za su gani ba, ta zauna tana tsefe mata furfura tana amsa tambaya guda sau da yawa ba tare da ta ɗaga murya ba. Balaraba ta taɓa yin ɓari a gidan nan har ta kusa rasa ranta, hannun Kulu ne ya riƙe ta, kuma ba ta manta ba.

Abin da bai bar kan tsohuwar ba shi ne kukan jariri. Da ta ji shi sai ta miƙe ta ja mayafi ta bi sautin. Gidan Nababa mai injin niƙa katanga ɗaya ta raba shi da nasu, kuma matarsa ta haihu a farkon damina. Kulu ta riƙa shiga kullum tana faɗa a ɗora ruwan zafi, tana neman a miƙo mata yaron. Matan gidan su yi dariya su ba ta ta riƙe. Mutum ɗaya ce ba ta son zuwanta, wato Ummukulsum, 'yar Nababa mai shekara shida ko bakwai, domin tsohuwar takan kama mata hannu ta ƙura mata ido tana cewa, “Ɗiyar wa ce wagga?” Yarinyar ta fizge ta gudu bayan uwarta.

Da damina ta yi nauyi sauro ya cika gari, zazzaɓi ya kwantar da yara gida-gida. Na Ummukulsum ya fi tsanani, har ta fara sanƙarewa idanunta suna juyewa. Cikin zafin ciwon ta buɗe baki ta ce, “Ku hana Inna Kulu, ta sake min hannu.”

A wajen mutane da yawa a garin, magana ta ƙare ke nan. In majinyaci ya kira sunan mutum, to wanda aka kira maye ne, ya kama kurwarsa. Maganin kuwa, in ji masu faɗa, a kawo mayen ya tsallake majinyacin, ya kuskure baki a ba shi ruwan ya sha.

Ranar kasuwar Bukkuyum ce, Yakubu ba ya gida. Bayan la'asar Nababa ya shigo da maza uku ko huɗu, ba sallama. Balaraba tana bakin murhu, Kulu tana zaune a kan turmi da ƙwaryar kunu a cinyarta.

“Tashi, tsohuwar banza,” in ji Nababa. “Tashi ki sako min ɗiyata.”

Balaraba ta sha gabansa. “Malam Nababa, mi ta yi muku? Ba ka ga ba ta da hankali? Ku jira maigidan ya dawo.”

Ya ture ta gefe. Aka kama tsohuwar hannu bibbiyu aka ja ta, kunun ya zube a zanenta. Kafin a isa tsakar gidan Nababa wurin ya cika, mata a kan katanga, yara a ƙofa. An shimfiɗa yarinyar a kan tabarma. Kulu ta dubi taron, ta dubi wadda ke kwance, sai fuskarta ta washe. Ta ɗauka haihuwa aka kira ta.

“Ku fita, maza su fita,” ta ce da tsohuwar muryarta ta aiki. “Ina ruwan zafi?”

Wani ya mare ta ta baya har ɗankwalinta ya faɗi. Aka ce ta tsallake. Ba ta gane ba. Maza biyu suka ɗaga ta ta hamata suka ƙetarar da ita, suka dawo da ita, suka sake, ƙafafunta suna jan ƙasa. Aka tura mata moɗa a baki, ta haɗiye ruwan, aka shaƙe mata wuya aka ce ta tofar. Fitsari ya bi ƙafarta a gaban mutanen da ta yi wa wankan farko, wasu samari suka fashe da dariya. Balaraba ta kutsa ta rufe ta da nata mayafin ta ja ta gida.

Sai washegari aka nemi babur za a kai yarinyar asibitin Bukkuyum. A hanya ta cika.

Liman Shehu ya yi magana bayan sallar Juma'a, ya ce rai da mutuwa na Allah ne, kuma zargin musulmi ba hujja zunubi ne babba. Mutane suka ce gaskiya ne malam, suka watse. Daga ranar matar limamin kanta ta daina aiko yara sayen daddawa a gidan Yakubu, daddawar da Balaraba ta gada daga surukarta take yi. Sauran gari ma haka. Aka fara jefo duwatsu ta kan katanga. Nababa ya hana a karɓi hatsin gidan a injinsa, sai Balaraba ta koma daka da turmi ga ƙaramin ciki.

Abin da ya fi ci wa Yakubu rai shi ne tasha. Ana cewa maita a nono ake shanta, wanda duk ya sha nonon mayya shi ma yana da ita. Sai ya wuni a ƙarƙashin bishiyar da 'yan kabu-kabu ke tsayawa, fasinja ya zo ya dube shi, ya wuce ya hau na bayansa. Mata masu goyo har ja da baya suke in ya matso. Abokan da suke cin tuwo kwano ɗaya suka fara cewa sun ƙoshi.

Wata safiya ya ce wa Balaraba ta ɗaure wa Inna kayanta, Gummi zai kai ta wurin Zubaida. Balaraba ta ce wa zai iya da ita can, ita ta san lokacin da take jin fitsari tun kafin ta faɗa. Ya ce ba shawara ya nema ba. Ya ɗora uwarsa a bayan babur, Balaraba ta ɗaure ta da zane a jikinsa kamar goyo don kada ta faɗi. Hanya duk taɓo, sau da yawa sai ya sa ƙafa ƙasa yana turawa. Kulu ta kwantar da kanta a bayansa tana tambaya ko biki za su.

Labari ya riga su isa Gummi ta bakin direbobi. Mijin Zubaida mai sayar da shayi da burodi ne a bakin kasuwa, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce shi abinci yake sayarwa, in tsohuwar nan ta kwana gidansa ya rufe tebur ke nan. Zubaida ta fito zaure tana kuka, ta durƙusa ta gaishe da uwarta. Kulu ta shafa kan 'yarta ta ce, “Zubaida, kin rame.” Tun fitowarsu ba ta gane kowa ba sai ita.

“Yaya, ki roƙe shi,” in ji Yakubu. “Ko wata guda ne, ƙura ta lafa.”

Zubaida ta share hawaye da bakin mayafi. “Yakubu, ba shi kaɗai ba ne. Ɗiyana mata sun fara tasawa. In anka ce kakarsu mayya ce tana zaune gidanmu, wa za ya zo nemansu? Kai ta wurin Yaya Abdulwahabu. Shi ne babba, shi ke da gida.”

Ta shiga ciki ta fito da sabon zane da fura a kwano. Ba ta ce su shiga su huta ba. A zauren Kulu ta sha furar, Yakubu ya sake ɗaure ta a bayansa da taimakon yayarsa, suka kama hanyar Anka da rana tsaka.

Abdulwahabu bai kore su ba. Mutum ne da ake gaisarwa da Alhaji a kasuwa, ba ya son a ce ya yi abin kunya. Ya saurari ƙanensa yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce a sauke ta. Akwai wani ɗaki a bayan gidan inda yake ajiye buhunan da babu komai da tsofaffin tayoyi, nan aka share mata gefe. Ya gargaɗi matarsa kada a bar ta ta fito tsakar gida in akwai baƙi. Maƙwabta da suka ji motsi suka tambaya, ya ce wata tsohuwa ce daga ƙauyensu da ta yi renonsa yana ƙarami, ba ta da kowa, ya ɗauko ta saboda Allah. Aka yi ta sa masa albarka.

Kulu ta yi sauran damina da kaka a ɗakin nan. Ana miƙa mata abinci, amma ba mai wanke ta sai ɗakin ya yi warin da ba a iya wucewa ta ƙofarsa. Wata rana aka manta ba a saka sakata ba. Ana suna a gidan da ke kallon nasu, Kulu ta ji kukan jariri ta fito, zanenta a jiƙe, ta ratsa taron mata ta miƙa hannu. Aka tambaye ta ita wace ce, ta ce, “Ni ce uwar Abdulwahabu.” Cikin matan akwai wadda ta zo daga Bukkuyum, ta san labarin, ta sa ihu ta wawure jaririn daga hannun mai jego.

Washegari Abdulwahabu ya kai uwarsa tasha da kansa, ya sa ta a kujerar baya ta wata bas, ya ce wa direban ya sauke ta a tashar Bukkuyum ya tambayi Yakubu ɗan Adabka. Bai bi su ba, bai kuma aiko da saƙo ba. Haka Yakubu ya ɗaga kai ya ga kwandasta yana sauko da uwarsa a gaban duk 'yan kabu-kabu, ƙullin kayanta a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Balaraba ta ɗora ruwa ta wanke ta sau biyu kafin fatar jikinta ta fito. Akwai gyambo a ɗuwawunta, kanta cike da ƙwarƙwata, sai da aka aske furfurar. Tun kafin magariba Nababa ya tsaya a ƙofar gidan ya ɗaga murya ya ce in mayyar nan ta ci gaba da kwana a unguwar, shi ba zai hana samari abin da suka yi niyya ba.

Yakubu yana da gona a yamma da gari, tafiya ce mai ɗan nisa, bayan wani kwari. Ya kwaɓa ƙasa ya gina ɗan kewayayyen ɗaki a bakinta, ya yi masa jinka da sabuwar ciyawa, ya bar 'yar taga wadda kai ba zai shiga ba. Ƙofar ta tsohon kwanon rufi ce, ya huda ya zura sarƙa ya sa kwaɗo, wai don kada ta fita ta ɓata a daji. Ya kai tabarma da randa da buta. Da zai kulle ta, Kulu ta ce, “Dabo, ina za ka? Ka bar ni ni kaɗai?” Ya ce yanzu zai dawo.

Mabuɗin ya koma hannun Balaraba. Kowace safiya ta ɗauki tulu a ka da kwanon tuwo a hannu ta ƙetare kwarin, cikinta yana ƙara girma. Ta buɗe, ta fito da tsohuwar ta sha rana, ta share ɗakin, ta wanke ta, ta zauna da ita har hantsi ya yi zafi. Da yamma ta sake komawa. Akwai rugar Fulani da ta sauka kusa bayan girbi don shanu su ci kara, kuma wata mai tallar nono daga cikinsu, Amariya, takan bi ta nan. Ta ji ana magana a cikin ɗaki a kulle, ta leƙa ta taga, daga ranar ta riƙa miƙa wa tsohuwar ludayin nono in za ta wuce. Da aka gaya mata a kasuwa ko wace ce a ciki, ta ce ita ba ta ga mayya ba, tsohuwa ta gani mai jin yunwa.

A tasha kuwa al'amura suka fara gyaruwa wa Yakubu. Fasinja suka dawo, har da mata masu goyo. Balaraba ta ɗauka mutane ne suka gaji, sai da wata mata ta gaya mata dalili a bakin rijiya, tana ganin albishir take mata. Yakubu ya rantse a gaban jama'a cewa shi bai sha nonon Kulu ba. Ya ce lokacin da ta haife shi ciwon nono ya kama ta, matar baffansa da ta rasu ita ta shayar da shi har yaye.

Balaraba ta jira ya dawo ya ci abinci, sannan ta ce, “Malam, gaskiya ne abin da aka ce ka faɗi a tasha?”

Bai ɗago ba. “Mi anka ce?”

“Cewa ba ka sha nonon Inna ba.”

“To mi kike so in yi? Mu mutu da yunwa? Tuwon da kike kai mata, daga ina shike fitowa? Maganar baki ce, ba ta ma san na faɗi ba.”

“Allah ya sani ai.”

Ya ture kwanon ya miƙe. Ya ce in ta ƙara tayar da zancen nan ta tattara nata ta bi tsohuwar can gonar su zauna tare. Ta bar zancen, domin ta ga idonsa, ta san zai iya.

Da rani ya yi nisa kara ya ƙare, rijiyoyin kwari suka ƙafe, Fulanin suka kwashe suka yi kudu da shanunsu. Cikin Balaraba ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura, tulun ya fara gagararta. Uwarta ta zo daga Nasarawa Burkullu da kanta ta ce ta zo tafiya da ita, haihuwar fari ce mai rai ake fata, ba za ta bar 'yarta ta haihu a kan hanyar gona ba, kuma ba macen da za ta shigo gidan nan ta karɓi haihuwa. Balaraba ta roƙi a ba ta 'yan kwanaki. Uwar ta ce ko ɗaya.

Kafin su tafi Balaraba ta je ɗakin ta cika randa, ta wanke tsohuwar, ta yanke mata farce. Ta ce, “Inna, zan tafi gida in haihu, in dawo in kawo miki ki gani.” Kulu ta ɗora tafin hannu a kan cikin ta latsa gefe da gefe, ta ce kan ya sauka, kada ta bari a ba ta jiƙo da yawa. Sannan ta tambaye ta ko ita ɗiyar wa ce.

Balaraba ta damƙa wa Yakubu mabuɗin, ta ce safe da yamma, ruwa ya fi abinci, randar tana yoyo ta ƙasa. Ya ce ya ji.

Da farko yana zuwa. Ya sayi tuwo ko ƙosai a tasha, ya ɗaura jarkar ruwa a bayan babur, ya buɗe ya ajiye ya kulle, yana toshe hanci. Ba ya wanke ta, yana jin nauyi. Daga baya yamma ta faɗi, sai safe kawai. Daga baya kuma in ya makara ya ce sai ya dawo, in ya dawo ya gaji ya ce sai gobe. Lokacin bazara ne, zafin da ko akuya ba ta barin inuwa, kuma lokacin bukukuwa, babur ba ya hutawa.

Wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi shata zuwa Gummi da wasu ƙauyukan bayanta, sayen awaki. Tafiyar wuni ɗaya aka ce, ta zama ta kwanaki. Yakubu ya tuna da randar a ranar farko, ya ce a ransa ya cika ta kafin ya taho, ko da yake bai tabbata ba ko ranar ce ko wadda ta gabace ta. Ya yi tunanin ya ba wani mabuɗin, to wa zai karɓa? A Gummi ya wuce ta ƙofar gidan Zubaida bai tsaya ba.

Masu itace da ke bi ta bakin gonar sun ce sun ji ana buga ƙofar kwano, ana kiran sunan Dabo, ana cewa a kawo ruwa. Sun faɗa a gari, aka ce su yi nesa da wurin, dabara ce ta neman wanda za ta kama. Daga baya ba su ƙara jin komai ba.

Ran da Yakubu ya dawo ya biya gida ya yi wanka tukuna, sannan ya ɗauki jarka. Tun daga kwari ya ga ungulaye a kan jinkar. Ƙofar ba ta buɗu ba sai da ya sa kafaɗa, domin a bayanta Kulu take kwance, ta riga ta cika. Randar ta bushe, tsohuwar ta kife ta, ta kankare laimar da ke ƙarƙashinta da yatsu har ta yi rami.

Ba macen da ta yarda ta yi mata wanka a unguwar. Liman Shehu ya bi gida-gida yana roƙo, a ƙarshe ƙanwarsa, wata gwauruwa mai ido ɗaya, ta ce za ta yi in za a zuba mata ruwa daga nesa. Waɗanda suka yi mata salla ba su cika sahu ɗaya ba. Aka haƙa kabari da gaggawa a gefen maƙabarta, aka rufe kafin azahar. Zubaida ta iso da yamma ta faɗi a tsakar gida tana birgima, tana cewa an kashe mata uwa. Abdulwahabu ya aiko da buhun shinkafa da saƙon cewa ƙafarsa ce ke ciwo. A Anka ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa ya karɓi gaisuwa, manyan 'yan kasuwa suka zo suka yi addu'a.

Balaraba ta haifi 'ya mace. An ɓoye mata rasuwar sai bayan suna, kuma ko a lokacin ce mata aka yi tsufa ne. Wata 'yar Adabka da ta zo barka ita ta ba ta labarin ƙofar kwano da ramin da ke ƙarƙashin randa. Balaraba ta ce wa uwarta ba za ta koma gidan ba. Ubanta ya ce ba a kashe aure a kan abin da ya riga ya wuce, ga jaririya, kuma shi ba shi da hatsin ƙarin baki biyu sai an yi girbi. Da ta gama wankan jego Yakubu ya zo da babur ya ɗauke su.

An yi ruwan farko da na biyu, ciyawa ta fara tsirowa. Daga Nasarawa Burkullu suka taho har suka zo daidai maƙabartar Adabka. Balaraba ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya tsaya. Ta sauka ta gyara goyonta, ta je bakin shingen ƙaya ta tsaya daga waje.

“Wanne ne nata?”

Yakubu ya kashe babur ya zo ya tsaya kusa da ita. Ya duba gefen da aka yi sababbin kaburbura, ruwa ya zaizaye su sun zama kusan ɗaya. Ya nuna wani kusa da wata aduwa.

“Wancan ne.” Ya sake dubawa. “Ko kuwa na bayansa. Ina jin na bayansa ne.”

“Ba ka sa alama ba?”

“An yi sauri ran nan.”

Wani mutum da buhun taki a gefen hanya ya ɗaga hannu ya kira shi da suna, ya ce Bukkuyum zai je, yana sauri. Yakubu ya dubi matarsa ya ce gida ai ba nisa daga nan, ta ƙarasa a ƙafa, zai kawo kayanta in ya dawo. Ya ɗaura buhun a kan ƙullin kayan nata, mutumin ya hau, suka tafi.

Balaraba ta tsaya tana duban kaburburan biyu. Ta ɗaga hannu ta yi wa na farkon addu'a, ta juya ta yi wa na biyun. Jaririyar ta farka ta fara kuka, ta jijjiga ta, ta kama hanyar gari.